Gizo a Gidan Dogaran Zaki

Ga ta nan, ga ta nanku.

Zaki ya kafa gari a bakin kogi a Yamai, daf da gadar Kennedy. Ya zuba dogarai a kowace ƙofa, ya ba Kura sarautar sintiri: duk baƙon da ta ji motsinsa, rabonta ne.

Yunwa ta koro Gizo daga Harobanda. Ya zaga ganuwa, ya ga ba ta hauruwa. Ya ce wa matarsa Ƙoƙi, "Ƙofa uku ce: ta nono, ta jini, ta shimfiɗa." Suka maƙale cikin rigar wani dogari, suka shige.

Gizo bai ko kalli rumbu ba. Ya zarce ɗakin da dogari ke ajiye littafin asalin gidansu, ya buɗe tsakiya, ya rubuta sunansa da na Ƙoƙi tsakanin kaka da jika. Tun daga ranar, duk ɗan da aka haifa a gidan, sai a kwafa masa littafi har da Gizo a ciki.

To, Gizo yana da ganga. In ya kaɗa, dogari ya hau haihuwa ba ji ba gani. Amma Kura ma tana da kunne. Ran nan ya kaɗa, ta faɗo gidan, ta cinye maigida da littafinsa. Da ƙyar Gizo ya tsira a gidan ɗan dogarin.

Ƙoƙi ta ce, "Maigida, rataye gangar nan, bar mini aikin."

Kullum dare sai ta raɗa wa dogari, "Ƙara haihuwa, mutuwa ba taka ba ce." Kura ta zo wucewa, ta kasa kunne, ta ji tsit, ta yi gaba. Gizo ya kishingiɗa yana cin tuwon gidan. In hannu ya yi masa ƙaiƙayi, ya ɗan taɓa ganga, ya maza ya ɓoye.

Shekara 20 ta wuce, 40 ta wuce. Wata safiya Zaki ya tarar gida ɗaya ya cika gari. Ƴaƴan gidan sun toshe kasuwa, sun ƙi tsaron ƙofa, sai ci. Ya aika a kira Dila, malamin daji.

Dila ya ce, "Ranka ya daɗe, garinka jikin mutum ne, dogaranka fararen ƙwayoyin jini. Baƙon nan, Gizo, da ya rubuta sunansa a littafin gidan, ƙwayar cuta ne, masana na ce masa HTLV-1. A 1977 likita Kiyoshi Takatsuki da abokansa suka bayyana sankarar jinin da yake jawowa a Japan. A 1980 aka kama shi kansa a Amurka, a ɗakin binciken Robert Gallo. Yana kwance jikin mutum miliyan 5 zuwa 10, Afirka ta Yamma na cikin matattararsa. Yawanci ya tsufa da mai shi lafiya. Kamar 5 cikin 100 ne ke kai ga abin da ya same ka, wasu kuma ƙafafu su sandare."

Zaki ya ce, "A kankare sunan!"

Dila ya ce, "Har yau ba rigakafi, ba maganin da ke kankare shi. Amma gwajin jini na nuna shi. Japan na gwada masu juna biyu don a tare ƙofar nono."

Ƙurunƙus.

Jama'a, kada wata uwa ta yaye ɗanta don jin wannan labari. Wanda aka tarar da ƙwayar a danginsa, ya je asibiti ya nemi shawarar likita kafin ya ba da jini.