Kawu Mai Rai Talatin

Duk majalisar da aka ɗauko zancen gem, ni ne limamin masu cewa na da ya fi na yanzu. Har huɗuba gare ni a kai. Nakan ce Super Mario ɗin da Nintendo ta fitar a 1985, ban da na tafiya, maɓalli biyu ne kacal, na tsalle da na gudu, amma ya isa ya hana yaro cin tuwon dare. Ba a ajiye inda aka tsaya. Kana dab da dodon ƙarshe a ɗauke wuta, ka koma farko, ka koyi haƙuri ko ba ka so. Kaset ya ƙi kamawa, ka zare ka hura masa iska kamar mai tofi. Na yanzu kuwa, ka saye shi da kuɗinka, ka sayi data ya kwana yana sauka, sannan a ce sai ka ƙara kuɗi kafin ka samu ɗan wasan kirki. Wannan dai gaskiya ce, ban janye ba.

Abin da nake ɓoyewa shi ne mafarin huɗubar. Ɗan yayata, mai shekara 11, yana da PlayStation 5, kuma tun da muka fara buga ƙwallon nan da ake ce wa FIFA, kafin a mayar da ita EA Sports FC a 2023, ban taɓa cin sa ba. Ni fa, da na yi tashe a gidan gem na unguwarmu zamanin Winning Eleven, ina ɗauko Roberto Carlos daga baya in sa shi a gaba saboda gudu! Hannun gem ɗin yanzu maɓallai ta ko'ina. In yi niyyar fasin, sai ƙwallo ta tafi gaida 'yan kallo. Ranar da ya zura mini bakwai, cikin ladabi ya ce, "Kawu, ko in ɗauki ƙaramar ƙungiya?" Na ce hannuna ne ya lalace. Ya miƙo mini nasa. Na ce la'asar ta yi.

Sai na shirya ramuwa. Na sayo 'yar na'urar nan mai ɗaruruwan tsofaffin wasanni, na kunna masa Contra na kamfanin Konami: rai uku, harsashi ɗaya ya gama da kai. Na ce ya zauna ya ga aikin maza. Ban wuce gadar da ke fashewa a dajin farko ba, rayukana uku suka ƙare. A nan yatsuna suka tona mini asiri, don da kansu suka fara danna sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A. Sirrin nan ne da ke ba da rai talatin. Ashe duk jarumtar da nake ba da labari, ban taɓa gama Contra da rai uku ba.

Yaron ya karɓa, ba sirri ba komai, ya kai mataki na uku, inda ruwa ke zubowa daga dutse. Ya waiwayo ya ce, "Kawu, a ina wahalar take farawa?"

Jiya da daddare a majalisa aka sake ɗauko zancen. Na gyara zama, na yi gyaran murya, na fara daga 1985.