Alhaji da Tsinkayen Cin Shinkafa

Akwai ciwon da ke kama ɗan kasuwar N'Djamena idan ya je Bankok sau ɗaya ya dawo: cikinsa sai ya daina karɓar daraba. Mutumin da aka yaye da tuwon gero da miyar kuɓewa sai ka ji yana cewa abinci mai nauyi yana hana shi barci. 'Yan kwanaki ya yi a kasuwar Pratunam yana sarin riguna da takalma, shi da mai shago suna miƙa wa juna na'urar lissafi don babu mai jin yaren wani, amma ya dawo masanin Tailan ciki da bai.

Idan ciwon ya yi tsanani, sai ya gayyace ku cin abincin dare, kai da Hajiya, a irin gidajen abincin 'yan Asiya da Turawan ƙungiyoyin agaji ke zuwa a tsakiyar gari. Kai da ka zo a kan kilando, babur ɗin haya, sai ka sauka nesa da ƙofa, ka kakkaɓe ƙura, ka ƙaraso a ƙafa kana waige, wai direba ne ya tafi ajiye mota.

Ana kawo takardar abinci Alhaji ya ɗora tabarau a karan hanci, ya daɗe yana gyaɗa kai. Rabin rubutun Faransanci ne, rabi kuma sunaye ne irin su tom yam da fad tai. Can ya dangwala yatsa a kan lamba, ya ce wa yaron da ke hidima, "Wannan, irin na can." Sannan ya ɗaga murya yadda teburin Turawa zai ji: "Kawo mana tsinkaye!"

To, a nan ake yin ta. Mutanen Tailan ba da tsinke suke cin shinkafa ba. Cokali ne a dama, cokali mai yatsu a hagu yana tura masa abinci. Tsinkayen daga Sinawa suka aro su, kuma sai za a ci taliya ake ɗauko su. Amma wa zai faɗa wa Alhaji? Ya kama su biyu a dunƙule, ya bi ƙwayar shinkafa ɗaya daga wannan gefen faranti zuwa wancan, ya cafko ta, ya taho da ita a hankali, yana buɗe baki ta faɗa aljihun babbar riga. Gumi ya jiƙa hula. Abin dariyar ma, a arewacin Tailan da yankin Isan na arewa maso gabas, shinkafa mai danƙo da hannu ake cin ta: a gutsuro, a mulmula, a dangwali miya. Wato da Alhaji zai naɗe hannun riga ya nemi buta, da ya fi kowa a ɗakin kusa da gargajiyar da ya zo saye.

Hajiya kuwa ita ce mai toshe hanci da gyale in ta gifta masu banda da salanga a kasuwar Dembe, kuma ta hana a sa daddawa a tukunyarta don kada labule ya ɗauki wari. Ga ta nan tana zazzaga wani ruwa mai launin shayi a kan abinci tana lumshe ido. Sunansa nam pla. Ƙananan kifaye ake cakuɗawa da gishiri a rufe a randa wata da watanni har su narke, a tace. Kifin Shari da Logon dai rana ko hayaƙi kawai ya sha. Haka fara, wadda ta ce abincin almajirai ce, a Bankok a kan amalanke ake soya ta, baƙi na biyan kuɗi don su ɗauke ta hoto.

Yaron ya tambaya ko a rage yaji. Alhaji ya yi dariyar raini, ya ce, "Yaro, mu da yajin tsire muka girma." Loma ta uku hawaye ya sauko har gemu. Ya ce sanyin na'urar ɗakin ne ke sa shi mura. Sai da aka ci rabi sannan wani ya tuna, ya yi ƙasa da murya: "Af, babu alade dai ko?" Yaron ya ce babu, kowa ya yi hamdala da sauri, kada a tsawaita bincike.

Ita shinkafar kanta ba baƙuwa ba ce. 'Yar Tailan ta daɗe tana sauka a tashar Duwala, ta hau tirela, ta tsallako gadar Ngeli ta shigo mana kasuwa, yayin da ta Bongor da ta Lai ake yi musu kallon ta talakawa. Har iyakokin ƙasa Najeriya ta rufe a watan Agustan 2019, kuma fasa-ƙwaurin shinkafar waje na cikin manyan dalilan. Su kuwa 'yan Tailan masu abin ba da wasa suka yi ba: a 2002 gwamnatinsu ta fito da shiri na musamman don yawaita gidajen abincin Tailan a duniya. Kuɗin Alhaji da lissafi aka ɗana musu tarko, shi yana ganin wayewa ce ta zo masa daga Allah.

Da takardar kuɗi ta iso aka fara rantse-rantsen da aka saba. "Wallahi ba za ka biya ba!" in ji kowa, hannu na cikin aljihu, ya ƙi fitowa. Alhaji ya leƙa adadin, leɓensa ya motsa, na san buhunan gero yake ƙirgawa. Ya biya, ya ce ai wannan ba komai ba ne, na Bankok ya fi, hannun mai dafawar nan ya lalace da zaman Cadi. Sannan ya sanar da cewa Juma'a mai zuwa, in Allah ya kai mu, abincin Japan zai kai mu ci, ɗanyen kifi. Na ce ranka ya daɗe, ina da ɗaurin aure a Kusiri.