Wuƙa a Aljihu, Addu'a a Baki

Mu mutanen Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, bakinmu ba ya yarda cewa muna son dabba. Kowa ka tambaya sai ya ce ai dukiya ce, kiwonta ake yi don ranar buƙata. To, bari ɗan acaɓa ya banke tunkiyar gida, ko jaki ya zurma rami da kayan dawa ƙafa ta karye, nan za ka ga magidanci da gemunsa ya ture kwanon tuwo, ya kwana yana zarya tsakanin ɗaki da turke da tocila a hannu. Uwargida ta tambaye shi, ya ce iska yake sha.

Kafin likita ya iso, unguwa duk ta zama likita. Wannan ya ce garin bagaruwa, waccan ta ce man shanu, wani ya fasa kafso ya barbaɗa a rauni, maɗori ya zo da karan dawa da tsumma, bakanike ya kawo baƙin mai. Baƙin man nan dai don Allah mu bar shi, datti yake ƙara wa ciwo, kuma sai an sha wahalar wanke shi kafin a ga zurfin raunin.

Sai ga malamin dabbobi a kan babur da jakarsa. Ya aske gashin wurin, ya wanke, ya ɗinke, ya yi allura, mu kuwa muna danne da ƙafafu muna karanta fuskarsa. "Likita, za ta tashi kuwa?" Ya ce a bar ta ta huta, a sa ido, in ta fara tuƙa a gode wa Allah. Daga nan gida ya koma gadin bakin tunkiya. Inna ta dama dusa da kanwa ta ajiye mata, ana jimawa ta leƙo, yara su tsuguna su yi tagumi, maƙwabta su shigo da "ya mai jiki?", a amsa da "da sauƙi" ba wanda ya yi dariya.

Amma fa duk addu'ar nan da muke yi, wuƙa tana aljihu, an wasa ta tun magariba, kada ta tafi mushe a yi asara biyu. Yaron mahauci ma ya ji labari, yana ta giftawa ta ƙofar gida yana gaisuwa. Ba rashin tausayi ba ne, talaka ne ke riƙe zuciya da hannu ɗaya, lissafi da ɗayan. Mai doki ko jaki ko karen farauta ba shi da wannan mafita, nasa jira ne tsantsa, ga fargabar tatanas da ke saurin kama doki da jaki ta rauni.

In ciwo ya fi ƙarfin na gida, a ce sai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ko na Ahmadu Bello a Zariya, sai kowa ya yi shiru, don mun san halin da hanyoyinmu ke ciki. A 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara aka rufe kasuwannin mako, likitan ma sai dai a tura yaro ya nemo shi.

Wani lokaci kuɗin magani ya kusa kamo abin da za a taya ta ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi, mu biya, mu ɓoye wa abokai. In ta mutu a ce Allah ya mayar da alheri, Inna ta share ido da gefen zane, ai sabo ake yi wa kuka. In kuwa ta warke, mako bai cika ba ta kutsa gidan maƙwabci ta cinye geron da aka shanya, maƙwabcin nan da ya zo dubiya shi zai fara kai ƙara wurin mai unguwa.