Kardan Mai Ladabi

Kardan ɗin Hilux yana da tarbiyya. Muddin kana tafiya sak, ba ya sa baki. Sai ka murɗa sitiyari har ƙarshe zai ce ƙas-ƙas-ƙas.

Bakanike a Tanut ba ruwansa da kwamfuta. Sa ka zai yi ka yi ta zagaye a fili, shi yana kasa kunne. Sannan ya leƙa bayan tayar gaba. Robar gaɓar ta yage, giris ya fantsama, yashin Damargu ya shige ya zauna, ba ya biyan haya.

"Maigida, sai an sake shi." Ya faɗi kuɗin.

Direba ya yi dogon nazari, ya gano magani mai araha: a daina shan kwana.

Balbeji za shi da buhunan gero. Ana jiran labarinsa daga Agadas.