Daren da na yi sallama da eMail aka ce ba ya nan

Ka taɓa zuwa ƙofar gida ka aika yaro ya yi maka sallama da Muhammadu, ya dawo ya ce babu mai wannan suna, alhali ga mutumin can kana hango shi a zaure yana ɓarar gyaɗa? Gidan kaf Abba suke ce masa. To, haka Java, harshen rubuta manhajar kwamfuta, ta yi mini, tun daga magariba har zakara ya yi cara.

Wata makaranta ce ta ba mu aikin shafin rajistar ɗalibai. Na buɗe gurbin adireshi na raɗa masa suna eMail, ƙaramar e da babbar M, don gayu kawai. A al'adar Java ba a kutsa kai ɗaki a ɗauko kaya, aike ake yi, don haka na rubuta masa ɗan aike da hannuna: getEMail. Na je shafin JSP na kira dalibi.eMail. Sai Tomcat, sabar da ke gudanar da shafin, ya watso mini kuskure mai lamba 500, wai shi bai san wani eMail ba.

Na kashe shi na kunna. Na sake kashewa. Na zargi kwamfutar, na zargi janareto, har mai shayin bakin layi bai tsira daga harara ba. Wajen ƙarfe biyu na dare na koma bin sunan da yatsa, baƙi bayan baƙi, kamar kolo a gaban allo. Komai daidai. Ga shi ina gani, ana ce mini ba ya nan!

Da safe 'yar bautar ƙasar da aka turo mana ta leƙo ta bayan kafaɗata. Ko minti biyu ba ta yi ba.

"Yallaɓai, ai ba ruwansa da sunan yanka. Sunan ɗan aiken yake dubawa."

Ashe dokar tana nan rubuce tun 1997 a kundin JavaBeans na kamfanin Sun. Ana cire get, a mayar da baƙin farko ƙarami, getSuna ya zama suna. Amma idan baƙaƙe biyun farko duk manya ne, sai a ƙyale su yadda suke, don kada URL ya koma uRL. Kuma gaskiya da hujjarsu, wa zai so ganin uRL? Wato tun jiya mutumina EMail gidan ya san shi, ni kuwa ina tsaye a waje ina ƙwala wa eMail kira.

Ta ce ko dai in mayar da ɗan aiken geteMail, wanda duk mai gani zai ɗauka hannuna ne ya zame, ko in ajiye gayu in rubuta email kamar kowa. Na ajiye gayu. Na gyara murya na ce da ma gwada ta nake yi.

"Haka ne, yallaɓai," in ji ta, tana ƙirga kofunan shayin da ke kan teburina. Biyar ne.

Gyaran duka bai wuce mayar da M ƙarama a wurare uku ba.