Tarin nan fa ba na hunturu ba ne

Mu Damagarawa akwai mu da raɗa wa tari suna. In lokacin sanyi ne, na hunturu ne. In bazara ce, ƙurar kasuwar Dole ce. Ɗan kabu-kabu ya ce iska ce ta shige shi, wanda ya dawo daga haƙar zinariya a Jado kuwa sai a ce gajiyar hanya ce, a dama masa fura ya huta. Daga Birni har Zango ba mai son ya fara furta tarin fuka, sai ka ce faɗar sunan ke kawo shi.

Ku dubi mutum a fada. Sati 3 yana tari, yana tofar da kaki mai kauri a bayan benci. Da la'asar jiki ya ɗau zafi, ya ce masassara ce, a aiki yaro wurin mai tallan magani. Cikin dare zufa ta jiƙa masa riga sharkaf, alhali kowa na ƙudundune a bargo. Tuwo ya daina shiga, wando na zamewa, ƙirji na suka. Mu kuma me za mu ce? "Malam, azumin nafila ka tsiro da shi ne?" A kwashe da dariya, a zuba shayi na biyu. Sai ran da aka ga jini a kaki hankali ya tashi, nan ma gwaggo ta ce sammu ne. Kuma fa da yawa cutar na cin su ba su taɓa tofar da jini ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ware kwano. A ware masa kofi da cokali, a bi su da toka a darje, dare na yi kuma a rufe ƙofa da taga ruf, a kwana da shi da yara ɗaki ɗaya. Ita kuwa ƙwayar cutar ta iska take bi, in ya yi tari ko atishawa. Kofin bai ci ba bai sha ba.

Ma'aikatan lafiya kullum maganarsu ɗaya: tari in ya wuce sati 2, a kai kaki likita a auna. Magani kyauta ne, na wata 6, kuma in fitsari ya yi ja kada a firgita, aikin maganin ne. Amma mu da ka ji ƙarfi bayan wata 2, kumatu sun ciko, sai a cusa sauran a ƙarƙashin katifa a koma kasuwa. Tarin ya dawo, wani sa'in ya daina jin maganin farko, gwaggo kuma ta ce ai dama ta faɗa.