Ranar da Na Je Gaishe da Surukina

Kawuna ya gargaɗe ni tun a hanya: idan mahaifin yarinyar ya tambayi sana'ata, in ce ɗalibi ne kawai, in ja bakina in yi shiru. Amma Alhaji, tsohon ɗan kasuwar hatsi, ba ya karɓar amsa rabi.

"Karatun me kake yi, yaro?"

"Baba, saurin sauti nake aunawa a cikin ruwan gishiri."

Ya ajiye carbi. "Ruwa kake saurara? To, me ya ce maka?"

Nan bakina ya ɓalle. Na ce muna narkar da gilaisilgilaisin, mafi ƙanƙanta a dangin feftayid, wato guntayen furotin, wanda Emil Fischer da Ernest Fourneau suka haɗa a 1901, mu zuba masa gishiri, mu auna nauyin ruwan da gudun sauti a cikinsa. A tsabtataccen ruwa mai zafin digiri 25, sauti yana cin mita 1,497 a daƙiƙa. Gishiri na shiga sai gudun ya ƙaru, domin ƙwayoyinsa masu caji suna damƙe ruwan da ke kewaye da su, ya yi wuyar matsuwa. Kawu yana ta mintsinina ta ƙarƙashin babbar riga.

Da na ga Alhaji yana gyaɗa kai, sai na ƙara da abin da na fi ƙauna: giram 58 na busasshen gishiri yana cin wurin mililita 27, amma a cikin lita guda ta ruwa abin da yake ƙarawa bai wuce kamar 18 ba.

"Sauran taran fa? Wa ya ci?"

"Sun matse ne, Baba."

"A kasuwa tauye mudu muke kiran wannan. Ku kawo gishiri!"

Aka kawo gishirin gidan kaf, da ruwa a wani ƙaton kwano mai faɗin baki, wanda ko rabin kofi ya ɓace a cikinsa ido ba zai gani ba. Na juye, na dama, na yi gumi. Alhaji ya leƙa, ya kara kunne, ya ce shi bai ji komai ba.

Sai ga sallamar Hajiya daga bakin zaure: miya tana kan wuta, ina gishirinta?

Kawu ne ya ƙarasa maganar aure. Ni ina shagon bakin layi da sabuwar shaddata, ina cinikin ƙulli biyu.